Shirun da Aka Yi wa Baturen Tsando

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya halicci ɗan Adam da rauni, ya kuma ajiye masa sauƙi a hannun maƙwabcinsa.

Saura shekara biyu a karɓi mulkin kai, gwamnati ta aiko wani Bature zuwa Jiwa ta ƙasar Abuja, sunansa Mista Enoch, aikinsa ƙidayar ƙudan tsando. Kullum da hantsi sai ya shiga kurmin bakin rafi da 'yar raga a hannu, ya kama ƙuda, ya duba mace ce ko namiji, ya rubuta a littafi. Mutanen gari suka yi mamakin gwamnatin da ba ta gama sanin yawan mutanenta ba ta koma kan ƙudaje, amma suka bar wa Allah sani, suka sa masa suna Baturen Tsando.

Kukunsa wani dattijo ne, Malam Yamusa, wanda ya yi karatu daidai gwargwado a gaban mahaifinsa, sa'an nan ya shekara ashirin da uku yana dafa wa Turawa abinci tsakanin Minna da Bida. Shi ne sanadin abin da ya faru, ko da yake niyyarsa kyakkyawa ce. A makon farko zazzaɓi ya kama Baturen, ya dafe kai ya ce yana son shiru. Yamusa ya ɗauki maganar ya kai wa Dagaci Dallatu, ya ƙara da nasa bayani a matsayin masanin halin Turawa, cewa su dama haka aka halicce su, hayaniya tana narkar da su kamar yadda gishiri ke narkar da tana.

Dagaci mutum ne mai kiyaye haƙƙin baƙo. Ya sa a yi shela, mai shelar ma da raɗa ya yi ta, gida gida. Da zakaru aka fara: masu rabon kwana aka kai su ƙauye wurin dangi, sauran suka shiga tukunya. Aka kwashe turame aka kai bayan dutse, mata suka riƙa tafiyar rabin mil kafin su daka barkono. Jakin Solomon malamin coci aka ɗaure masa dutse a wutsiya, domin wani ya tabbatar cewa jaki ba ya kuka sai ya ɗaga ta. Matan Fulani masu tallan nono in sun zo daidai gidan sai su tsaya su nuna ƙwarya da yatsa. Wanda ya gamu da Bature a hanya ya durƙusa ya motsa leɓe, ba sauti. Kiran salla kaɗai ba a taɓa ba, domin wannan ya fi ƙarfin dagaci.

Zazzaɓi ya warke cikin kwana huɗu. Shiru kuwa ya yi wata goma sha tara.

Bayan damina ta biyu Yamusa ya lura abinci yana dawowa kicin kamar yadda ya tafi. Maigidan ya bar aski, ya bar shiga kurmi, ragar kama ƙuda tana rataye har gizo-gizo ya karɓi aikin. Yakan zauna a baranda tun safe yana duban bango. Yamusa ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa lalle akwai sauran hayaniya. Ya koma wurin dagaci, aka yi gayya aka kwashe kwaɗin fadama a kwanduna aka kai su ƙetaren rafi. Kafin Juma'a sun dawo gaba ɗayansu.

Wata ranar Laraba sai Baturen ya tashi da wani irin kuzari, ya shiga rabon kaya. Ya ba dagaci garmahonsa da fayafayai goma sha ɗaya, ya ba Solomon karensa, ya ba Yamusa agogon hannu. Kowa ya ba sai ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe masa. Gari ya ɗauka hutu zai tafi ƙasarsu, aka yi ta murna a ɓoye, har masu zakaru suka fara aikawa ƙauye a shirya musu abinsu.

Yamusa kaɗai agogon ya yi wa nauyi a hannu. Ya ɗaure wa Turawa bakwai kaya a rayuwarsa, ya san ko gwangwanin da babu komai a ciki ba su bari. Wannan kuwa har akwatunan ya bayar, bai kuma yi zancen mota ba. Sau ɗaya Yamusa ya taɓa ganin irin wannan rabo da neman gafara, a wurin mahaifinsa, kwana uku kafin rasuwarsa, shi kuwa ya haura tamanin, yana kwance. Wannan mutum bai kai talatin da biyar ba, ƙafafunsa lafiya lau. Ya bi ɗakin da kallo, ya ga abu ɗaya ne ba a bayar ba, bindigar farauta.

Bai jinkirta ba. Ya ce wa maigidan birai sun dami gonar masararsa, wanda gaskiya ne, domin Yamusa ba ya ƙarya ko a irin wannan rana. Ya saɓa bindigar ya kai wa maƙerin gari, ya ce kada ya ba kowa sai shi da kansa ya zo. Sa'an nan ya dawo ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin da uku: ya ja kujera ya zauna a gaban Bature.

"Maigida, ni tsoho ne, kewaye ba nawa ba ne. Kashe kanka kake shirin yi?"

Baturen ya ce ya yi wannan tunani, kuma ya fi mako yana yi. Ya ciro wata takarda da ta sha ninki daga aljihu. Mahaifiyarsa ta rasu wata bakwai da suka wuce, an rufe ta tun takardar ba ta hau jirgi ba, ba shi kuma da kowa bayanta. Ya ce ya so ya gaya wa wani, amma duk wanda ya tunkara sai ya durƙusa ya rufe baki.

"Malam Yamusa, me na yi wa mutanen garin nan? Ko zakara ba ya cara a inda nake."

Nan Yamusa ya gane cewa shirun da ya sa aka yi ne sanadi. Ya san rai amanar Allah ce, ya san abin da malamai suka faɗa a kan wanda ya taɓa nasa, yana kuma iya kawo shi babi babi. Amma ya dubi fuskar mutumin ya ga ba ranar wa'azi ba ce. Ya ce masa daga yau ba zai zauna shi kaɗai ba. Ya leƙa ƙofa, ba tare da ya fita ba, ya ƙwala wa wata mai tallan nono kira ta je ta zo da dagaci. Matar ta firgita har ta kusa zubar da ƙwaryar, domin rabonta da jin murya a wurin nan tun bara.

Da Dagaci Dallatu ya ji labari sai ya yi salati ya zauna a ƙasa. Uwar mutum ta rasu, yana zaune a tsakiyar Jiwa, wata bakwai ba wanda ya ce masa ya haƙuri! Ya ce idan wannan magana ta isa Abuja, babu ɗan garin da zai ƙara ɗaga kai a kasuwa. Nan take ya soke dokar shiru, ya ba da umarni a yi zaman makoki na kwana uku kamar jiya aka yi rasuwar.

Aka fitar da kujeru aka shimfiɗa tabarmi, aka zaunar da Bature a tsakiya, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su. Liman ya zo ya yi masa ta'aziyya yadda ya halatta ga maƙwabci. Solomon ya zo da mutanen coci suka yi waƙa. Manoma suka zo matansu na saɓe da doya a kafaɗa, Fulani suka kawo nono. Yamusa yana gefe yana koya masa amsa, har "na gode" da ya faɗa ta fi ƙudajen da ya kama a shekara yawa. Aka tambayi sunan marigayiyar da halinta. Ya ce mace ce mai kiwon agwagi da yawan faɗa, mata suka ce ai ko'ina uwa haka take. Ya yi kuka, ba wanda ya tashi, ba kuma wanda ya ce ya daina.

A rana ta biyu wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Uwani, ta tambaya wa yake wasa da shi a ƙasarsu, kaka ko taubashi. Aka ce babu. Ta riƙe haɓa ta ce to ga ciwon nan a fili, mutumin da duk duniya ba mai ikon zaginsa yaya zai ji daɗin abinci? Ta naɗa kanta kakarsa a gaban shaidu, kuma tun da al'ada ta ba kaka damar kiran jikanta miji, sai ta shiga aiki.

"Kai, mijin banza, wata goma sha tara ko gishiri ban gani ba. Dubi hancinka yana saɓa kamar ƙadangare. Wa zai aure ka in na sake ka?"

Yamusa ya bayyana masa al'adar a hankali. Baturen ya dubi tsohuwar, haƙorinta biyu, ya dubi jama'a suna jiran amsarsa, sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Ya ce shi ma an cuce shi, ba a nuna masa amaryar ba kafin a ɗaura.

Yamusa bai yarda cewa dariya ɗaya ta gama magani ba. Ya tsara masu zama da maigidan bi da bi, bayan makoki kuma ya sa shi a mota ya raka shi Minna wurin likita, domin Allah da ya saukar da ciwon zuciya ya saukar da masu saninsa. Suka yi mako uku. Da suka dawo an mayar da turame, an kwance wa jakin Solomon dutse, yana ta rama bashin kukan da aka hana shi.

Sauƙi bai zo a rana ɗaya ba, akwai ranakun da bango yakan sake jan idonsa, sai dai yanzu yakan faɗa. Wata safiya ya tambayi Yamusa, cikin kunya, ko zai iya mayar masa da agogonsa, yana so ya shiga kurmi a kan lokaci. Yamusa bai taɓa murnar rabuwa da kyauta irin ta ranar ba. Solomon ya dawo da kare. Dagaci ne kaɗai ya ce kyauta ba ta komawa, amma ya yarda ya riƙa zuwa da garmahon kowace la'asar a saurara tare. Bindiga kuwa ta ci gaba da zama a maƙera.

Da lokacin kaka ya zo, zazzaɓi ya sake kama Baturen, ya dafe kai ya ce yana son shiru. Yamusa ya ce to. Ya ba shi magani, ya saki labule, ya ja kujera kusa da gado ya zauna da carbinsa. Bai gaya wa dagaci komai ba. A waje Uwani tana tambaya da ƙarfi ko ragon mijin nata ya tashi.

Allah ya sa mu gane halin baƙon da ke cikinmu tun yana da sauran magana a bakinsa.