Shuɗiyar Tabarma

Doka ɗaya Malama ta kafa a ajin 'yan shekara huɗu, kuma sai da ta yi wata uku tana fama kafin ta zauna. Duk wanda ya daki wani ko ya cije shi, zai zauna a kan shuɗiyar tabarmar da ke gindin taga har yashin wata 'yar kwalba ya gama zuba. Minti uku ke nan. Wanda ke kan tabarma ba a taɓa shi, ba a yi masa dariya. In yashi ya ƙare sai ya tashi ya ba da haƙuri, an wuce wurin. Yara ashirin da biyu sun haddace ta kamar sunansu.

Ana cikin haka aka kawo jikan Shugabar makaranta ajin. Yaro kyakkyawa, ga haƙora tubarkalla. Kwanansa uku ya gantsara wa wata 'yar siririyar yarinya cizo a damtse, wadda ake kira Shiru-shiru saboda rashin kwaramniyarta. Malama ta kama hannunsa ta zaunar da shi a tabarma, ta juya kwalba. Gogan naka ya ɓarke da ihu kamar ana yanka shi.

Yashi bai kai rabi ba Shugaba ta faɗo ajin ko sallama babu. Ta ɗauke jikanta cak, tana share masa hawaye, tana tambayar wa ya taɓa mata maigida. Yarinyar da ke riƙe da damtse kuwa, ko kallo ba ta ishe ta ba. Malama ta bi Shugaba har baranda, ta rage murya, ta ce ranki ya daɗe doka ce, kuma saura minti biyu kacal.

"Haba Malama, yaro ne fa," in ji Shugaba. "Kada ki sake zaunar min da shi a ƙasa."

To sauran ashirin da biyun dattawa ne? Malama ta haɗiye maganar, ta koma aji.

Washegari wani ya hankaɗe ɗan'uwansa, aka ce ya je tabarma, ya noƙe kafaɗa ya ce ai wancan ma bai zauna ba. Me za ta ce masa? Gaskiya ya faɗa. Aikin wata uku ya bi ruwa, jikan Shugaba kuma ya ƙara cizon Shiru-shiru sau biyu kafin mako ya fita.

Ranar Alhamis, lokacin wasa, Malama ta ƙirga yara a fili ta ga babu ɗaya. Ta leƙa aji. Ga Shiru-shiru ita kaɗai a kan shuɗiyar tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, kwalba a gabanta. Yashi na ƙarewa ta sa hannu ta sake juya ta.

Malama ta tsuguna. "'Yata, wa ya sa ki a nan? Me kika yi?"

"Ban yi komai ba," in ji yarinyar, idonta a kan yashin. "A nan ba a taɓa mutum."

Kunya da takaici suka kama Malama. Ta naɗe tabarmar ta saka a hammata, ta naɗe wa yarinyar hannun riga yadda shatin haƙora zai fito sarai, ta riƙe ta suka nufi ofishin Shugaba. Ita ma ba ta yi sallama ba.