Dodon Kuza Ya Gyara Hula

Jika ya jawo farar kujerar roba ya ajiye ta daidai gaban babban talbijin ɗin, ya zauna ya gwada, ya tashi ya ƙara matsar da ita gaba. Ba ya son yayansa Sa'adu ya ce daga baya wai bai gani da kyau ba.

"Oga Jika, kujera ne kawai fa," in ji Uche mai shagon. "Ko gwamna ne zai zo?"

"Wanda ya fi gwamna. Kar ka bari kowa ya zauna a kanta."

Shagon Uche gidan gem ne a Gada Biyu, inda samari ke zuwa su buga ƙwallo da yatsu su tashi suna haki kamar sun yi gudu. Amma wannan Asabar ɗin babu ƙwallo. Cordelia, 'yar'uwar Uche da ta karanta kwamfuta a jami'a, ta ɗauki littafin zanen Jika mai suna Dodon Kuza ta mayar da shi gem, yau kuma ake buɗe shi. Su biyun suna ganin ranar kasuwa ce. Jika kuwa ranar shari'a ya ɗauke ta.

Sana'arsa a Anguwan Rogo ita ce zanen allunan masu aski da zakin bayan manyan motoci. A tsakanin aiki ne ya shafe shekaru yana zana wani dogon labari a kan warwarar takardu, yana tarawa a akwati a ɗakin zauren gidansu. Bayan rasuwar mahaifinsu, Sa'adu, wanda dillalin shanu ne a kara, ya buƙaci ɗakin don ajiye buhunan dusa. Bai ƙona takardun ba, domin shi mutum ne da ba ya son ɓarna. Sai ya kwashe su ya ba Zulaihatu mai ƙosai sadaka.

Washegari da safe Jika ya sayi ƙosai, ya buɗe ƙunshin, ya ga jaruminsa yana kallonsa ta cikin mai. Ya bi layin yana tsinta. Ya sami shafi ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya a kwata, ɗaya kuma wata akuya ta riga shi. Da ya je wa Sa'adu da maganar, Sa'adu ya tura hularsa ƙeya ya ce, "Ka gode wa Allah. Yau dai sun yi wa wani amfani."

Jika ya ja da baya, saboda hular. Tun suna yara Sa'adu bai taɓa marinsa ba sai ya fara tura hula ƙeya, kamar yadda mai alwala ke naɗe hannun riga.

Ya sake zana labarin daga farko, da gyara ɗaya tak. Dodon da ke zaune a tsohon kududdufin haƙar kuza, wanda a da fuskarsa ba ta kowa ba ce, yanzu ya sami wushirya, da gajeren wuya, da tumbi, da hula zanna. A shafin ƙarshe jarumi Ashraf, wani siriri mai kama da Jika in da an ɗan ƙara masa tsawo da sa'a, ya hauri dodon ya faɗa ruwa, hular ta taso tana yawo ita kaɗai. An buga littafin, yara sun saya. Matsalar ɗaya ce. Sa'adu ba ya karanta komai a duniya sai haƙoran sa. Aka kashe shi a shafi na ƙarshe, aka sayar da mutuwarsa a kasuwar Taminus, shi kuma yana ta ƙara ƙiba.

Don haka da Cordelia ta zo neman izini, sharaɗi ɗaya Jika ya kafa: kada a taɓa fuskar. Har dariyar dodon shi ya kwaikwaya mata ta ɗauka a na'ura, domin babu wanda ya haddace ta kamarsa. Ta so ta koya masa yadda ake buga wasan, ya ƙi.

"Ni na haife shi," in ji shi. "Ni za a koya wa yadda ake kashe shi?"

Sa'adu ya iso bayan azahar da abokansa biyu na kara, ya sha turare a kan warin shanu. Ya dubi samarin da suka cika shagon, ya dubi kujerar, ya zauna ba tare da an ce masa tasa ce ba.

"To, malam mai zane, ga ni. An ce ka zama Bature."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka zauna da kyau? Kana gani?"

"Idona ƙalau. Me za a nuna mana, Indiya?"

Cordelia ta tsallake matakan farko kamar yadda Jika ya umarta, ta kai wasan bakin kududdufi, ta miƙa masa abin dannawar nan mai waya da samari ke kira fad. Ruwan da ke gilashin ya fara tafasa. Hula ta fara fitowa, sai goshi, sai wushirya.

Shagon ya yi tsit. Ahmadu, ɗaya daga cikin mutanen kara, ya dubi talbijin, ya dubi Sa'adu, ya sake duban talbijin.

"La ilaha! Alhaji, wallahi kai ne!"

Dariya ta ɓarke. Jika ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Wannan lokacin ya yi ta zanawa a ransa shekara da shekaru. Ya saci kallon yayansa don ya ga fuskar ta zube.

Sa'adu ya sunkuyo gaba yana ƙare wa kansa kallo.

"Kai, tumbin ya yi yawa," in ji shi. "Amma dubi damtse! Ahmadu, dubi damtse!"

Jika ya danna. Ashraf ya ruga da gudu ya kai naushi, naushin ya sauka a tumbi bai yi komai ba. Dodon ya tura hula ƙeya, ya ɗauke Ashraf da mari ɗaya, ya jefa shi ruwa. Sannan ya yi dariya da muryar Jika, Sa'adu kuma ya taya shi da tasa. Ba a iya bambance su. Aikin ya yi kyau ƙwarai.

"Wannan siririn wane ne?" Sa'adu ya tambaya yana share hawaye. "Kai ne? Ai kuwa na gane ka a faɗuwar."

Jika ya juya wajen Cordelia. "Ba haka yake a littafi ba. A littafi hauri ɗaya ne."

"Oga, littafi daban, gem daban," ta ce. "Shi ne babban mugu na ƙarshe. In ya mutu da sauri, yara za su ce gem ɗin ba shi da daɗi. Dole ya yi wahala."

"Wa ya ce ki ƙara masa ƙarfi?"

"Kai ka zana hannunsa haka. Ni na bi zane kawai."

Ya sake gwadawa, aka sake marinsa. Ya gwada tsalle, aka mare shi a sama. Samarin da suka fara da ba shi shawara suka koma wani ɓangaren, domin jama'a ba su cika daɗewa a bayan wanda ake duka ba. Duk lokacin da hular ta motsa sai su haɗa baki, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Wani ɗalibi ya matso ya nemi Sa'adu ya tura tasa hular ya ɗauke shi hoto da waya. Sa'adu ya tura, har ya ƙara da ɗaure fuska kyauta.

Cordelia ta tausaya. Ta sunkuyo kusa da kunnen Jika.

"Oga, bari in gaya maka asirin. Lokacin da ya ɗaga hannu zai taɓa hula, ƙirjinsa a buɗe yake. Nan ne kawai duka yake shiga. Kar ka ja baya. Shiga ciki ka danna jan nan."

Abu mai sauƙi. Jika ya gyara zama, ya ɗora babban yatsa a kan jan madanni. Dodon ya matso, hannun ya tashi zuwa hula. Jika ya ga ƙirjin a buɗe, ya san abin da zai yi sarai, sai ya tarar wuyansa ya riga ya noƙe cikin kafaɗa, yatsansa kuma ya ja Ashraf baya. Marin ya same shi a inda ya saba samunsa.

"Shiga ciki, Oga!"

Ya sake. Hannu ya tashi, wuya ya noƙe, yatsa ya gudu. Yana da shekara arba'in da 'yan kai, da mata da 'ya'ya, da littafi mai sunansa a bango, amma yatsan nan bai sami labari ba.

"Ba ni nan, Oga Jika," in ji ɗalibin mai waya. Ya karɓi fad ɗin, ya jira hular, ya shiga ya yi ta dannawa yana taunar cingam. Dodon ya faɗa ruwa. Shi ɗalibin, hula ce kawai a wajensa.

Aka yi tafi. Sa'adu ya fi kowa tafawa.

"Madalla, yaro! Kai ɗan wane ne? Ka ga wannan ya san aiki." Ya miƙe yana kakkaɓe babbar riga, domin an kira shi a waya cewa motar shanu ta iso. A kan tebur ya ga littattafan da aka jera don sayarwa. Ya ɗauki ɗaya, bai buɗe ba, ya murza bangon tsakanin yatsu biyu kamar mai duba fata.

"Wannan takardar santsi gare ta," in ji shi. "Ba za ta sha mai ba. Ta da ta fi kyau."

Jika ya miƙe tsaye. Ya ji maganar da ya tanada shekara da shekaru ta hau masa har maƙogwaro, kuma wannan karon za ta fito. Sa'adu ya ɗaga hannu. Jika ya kauce, har ya ture kujerar robar.

Sa'adu ya gyara hularsa da ta karkace tun wajen hoto, ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Lafiyarka kuwa? Ka ga, ranar Litinin ka zo kara da fentinka. Wannan dodon nake so a bayan motata, babba, da damtsen. Tumbin ka rage."

Ya fita, rabin shagon suka raka shi har bakin titi.

Bayan la'asar mutane suka watse, aka bar Uche yana tattara kwalabe, Cordelia tana naɗe wayoyi. Jika ya tayar da kujerar da ya tanadar wa yayansa ya zauna a kanta.

"Mayar da ni bakin ruwan."

Cordelia ta mayar da shi. Aka mare shi, aka sake marinsa. Uche ya gama kwalabe ya koma shara. Can dai hannun ya tashi, Jika ya runtse ido, ya tura yatsansa gaba kamar mai taɓa garwashi, ya danna jan, ya danna, ya yi ta dannawa har bayan ƙarar ta tsaya.

Da ya buɗe ido, ruwan ya kwanta. Hula ce kaɗai ke yawo a kai, daidai yadda ya zana ta. Ya waiwaya. Uche ya ba shi baya yana kwashe shara, Cordelia ta fita sayen katin waya. Duk da haka ya zauna yana kallon hular, numfashinsa yana sauka a hankali.

Sai ruwan ya fara tafasa. Hular ta ɗago, goshi ya biyo ta, sai wushirya. Dodon ya tako bakin gaɓa, rigarsa a bushe.

"Uche! Ai na kashe shi. Ya na ga ya dawo?"

Uche ya leƙo da tsintsiya a hannu. "Haka ne gem, Oga. In ya mutu gaba ɗaya, gobe wa za su zo su duka? In kashe talbijin?"

Jika ya dubi yayansa a gilashi, yana tsaye yana jira, hannunsa ya fara tashi.

"Bar shi," ya ce. Ya goge tafin hannunsa a wando, ya sake ɗaukar fad ɗin.