Sunan da Hamsatu Ba Ta Faɗa

Saura kwana huɗu a sauke tutar Turawa, madarar Hamsatu ta ƙi yin barci. Tun jiya ta zuba mata ɗan tsami, ta rufe da faifai yadda take yi tun tana budurwa a ruga, amma da safe ta buɗe ƙwarya sai ga ta ruwa tsululu. Ita kuwa Hamsatu, bari in gaya muku, mace ce da ba ta yarda abu yana faruwa haka kawai ba. Ko tuntuɓe ta yi sai ta tsaya ta duba da wace ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta, to haka madara ba ta ƙin tsami banza.

Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta zauna, tabarma ta yi mata zafi. Babban ɗanta, tela ne a unguwar Fadaman Mada, ya tafi Jos sayo yadi kore da fari, don an ba shi ɗinkin ƙananan tutocin da 'yan makaranta za su riƙe ranar biki. Yau ya ce zai dawo.

Maƙwabciyarta Roda ta leƙo ta kan danga, ta ce sanyin ruwan jiya ne ya hana madara kamawa, in da kowace ƙwarya wasiƙa ce daga sama ai da Fulani sun fi malamai sani. Hamsatu ta ce mata mai kiwon agwagi me ta sani game da madara. Amma Hamsatu ba ta yi dariya ba dai.

Kafin azahar labari ya shigo unguwa: wata babbar mota daga Jos ta kife bayan Zaranda, an kwaso mutane zuwa asibiti. Hamsatu ta fita da mayafi a hannu, Roda na bin ta tana haki, bakin tsokana ya mutu.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya suka tarar da wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu, Felicia, riƙe da takarda. Ta ce likita ya hana kowa shiga sai an gama ɗauri. Masu rai sun faɗi sunayensu an rubuta. Mutum uku sun rasu, ba wanda ya san su, suna can ɗakin baya a lulluɓe.

"Mama, yaya sunan yaronka?" in ji ta, da Hausarta ta koyo.

To, nan fa ake yin ta. Ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya bakin Hamsatu bai taɓa kama sunan nan ba, ko a ɗaki ita kaɗai. "Wancan" take cewa, ko "mai ɗinki". Ta ce dogo ne. Ta ce ɗan marigayi Abdulsalami ne. Roda ta yi caraf ta ce Tela sunansa, Felicia ta duba ta ce babu Tela. Sai a lokacin Roda ta lura shekara tara suna raba danga, ba ta taɓa jin an kira shi da wani suna ba.

Hamsatu ta roƙa a karanta mata takardar. Felicia ta karanta sunaye goma sha ɗaya da sauri, tana tauna su yadda harshenta ya ba ta. Babu wanda ya yi kama da nasa. Hamsatu ta tuna da ƙwaryarta ta safe. Madarar nan, ashe wannan take faɗa? Felicia ta ce ko dai ta faɗi sunan a duba da kyau, ko ta zo su je ɗakin baya a buɗe mata fuskoki. Kuma wallahi Hamsatu ta ɗaga ƙafa za ta bi ta.

Roda ta riƙe mata hannu. "Ke Bafillatana, kunya za ki kai wa gawa? Buɗe baki."

Hamsatu ta dubi ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta matsa har kunnen Felicia, kamar mai satar gishiri.

"Hammajoda."

Felicia ta bi takarda da yatsa, ta tsaya a na uku. "Ah, Ama Yoda. Na karanta ai, Mama, kai ba ka ji ba. Ƙafa ne ya karye. Yana nan yana damun mu da maganar yadi."

Hamsatu ta sulale ta zauna a dandaryar siminti, tana hamdala a ciki. Ta sa wa ranta ba a banza malamin asibitin da ya rubuta sunayen ya karkata rubutun nan ba, so aka yi a ji sunan daga bakinta, ko don me kuwa, abin da za ta yi ta juyawa ke nan.

Da la'asar aka bar su suka shiga. Roda ba ta iya riƙe magana, tun daga bakin gado ta gaya masa abin da uwarsa ta yi. Hammajoda ya juya fuska bango, ya daɗe bai juyo ba. Hamsatu na tsaye daga ƙofa, tana kallon taga.

"Roda," ta ce, "ki gaya wa wancan ya daina motsa ƙafar."