Jibirilla da Ƙafafun Jiragen Koriya

Jibirilla bai taɓa cika wata shida a wuri ɗaya ba. Makaranta ya bar ta a aji biyar, ya yi yaron mota tsakanin Maraɗi da Damagaram, ya ƙetara ƙasar Larabawa ya taɓa sayar da tumatir a Al-Aziziya, yanzu kuma ga shi yana dakon kwalaye a wani sito cikin Birnin Masana'antu na Biyu, inda zafin Agusta ke dafa mutum da rigarsa. Burinsa a duniya ɗaya ne: ofishin mudir, mai na'urar sanyi.

Mudirin, wato manajan wurin, Mista Baek, dattijo ne ɗan Koriya. Wata safiya ya leƙo sito ya ce yana neman mai kaifin ido na kwana biyar. An aiko masa da tsofaffin hotunan jiragen ƙasa masu hayaƙi da mahaifinsa ya bari, yana so a ware su iri-iri, shi kuwa idonsa ya yi rauni.

Kafin ya rufe baki Jibirilla ya ɗaga hannu.

"Kai ɗan nan, ka taɓa ganin jirgin ƙasa?" in ji Yacouba, tsohon da suke dako tare.

"Kawu, duk abin da ke tafiya da ƙafa na san shi."

"Har da kaza."

A ofis sanyi ya doke shi har sai da ya yi hamdala a fili. Mista Baek ya ajiye hotuna biyu, ya nuna ɗaya ya ce Mika, ya nuna ɗayan ya ce Pasi, ya fara bayani da gurgun Larabcinsa yana taɓa ƙafafun da yatsa. Jibirilla na ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinsa na wajen iskar da ke shafar ƙeyarsa. Abu ɗaya ya kama: a duba ƙafafu. To, wa za a koya wa wannan? A tasha da yawan taya ake sanin mota, mai shida daban, mai goma daban.

Ya zauna ya yi ta ƙirge. Mai ƙafa huɗu a gefe nan, mai biyar can, mai shida kuwa suka yi tuli guda. Ana kiran azahar ya gama, har ya miƙe yana gyara wuyan riga.

"Kalas, mudir, an gama."

Dattijon ya ɗauki babban tulin, ya kusanto da shi fuskarsa. Sannan ya zaro biyu.

"Wannan da wannan, ɗaya ne?"

"Shida da shida, mudir."

"Duba, sadik, abokina. Ƙarama ɗaya, manya huɗu, ƙarama ɗaya: Mika, mai jan kaya. Ƙanana biyu, manya uku, ƙarama ɗaya: Pasi, mai gudu da fasinja. Babana Pasi ya tuƙa. Ka haɗa shi da masu jan kwal."

Duk da sanyin, gumi ya keto wa Jibirilla. Ashe ya haɗa doki da jaki don kowanne ƙafarsa huɗu. Ya roƙi a bar shi ya gyara, aka bar shi.

Wannan karon ya nutsu. Ƙarama, manya, ƙarama, yana faɗa a ransa kamar mai tilawa. Kunya ta hana shi ɗaga kai, ko abinci bai fita ci ba. A cikin na Pasi ya ga wani hoto da ya koɗe, saurayi mai hula ya leƙo ta tagar kan jirgi, kunnuwansa a baje irin na mudir sak. Ya miƙa masa. Mista Baek ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Kafin tashi komai ya kammala, babu kuskure ko ɗaya. Dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Shukran, sadik. Aiki ya ƙare. Gobe sito."

A bakin ƙofa zafi ya tare shi, ga Yacouba zaune kan kwali yana fifita da hula.

"Ya ofis, Injiniya?"

"Na gama, Kawu."

"Duka?"

"Duka."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya girgiza kai.

"Kwana biyar na sanyi aka ba ka, ka cinye a wuni ɗaya. Gobe ka zo da wuri, tirela biyu za mu sauke."