Bugu a Ƙafar Tanki

"Tsayar da keken nan," in ji Baba Mai Guduma. "Ka ji?"

Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Tun da ciwo ya kwantar da maƙwabcin nan nawa na dawo da aikina barandarsu, don Inna, matarsa, ta samu damar leƙa kasuwa. Na kasa kunne. Rana tsaka, unguwa tsit, sai can daga wajen tankin ruwa: ƙwas, ƙwas, ƙwas. A tsaya, a sake.

"Yara ne, Baba."

"Yara ba su san inda ake bugawa ba."

Aikinsa ke nan har ya yi ritaya: duba tsatsa a jikin gadoji da tankuna. Ya bi ƙarfe da 'yar gudumarsa, ya kankare fenti inda ya kumbura, ya gani ko ruwa ya samu hanya. Tankin unguwarmu, wanda ke tsaye kan dogayen ƙafafun ƙarfe a saman rufin gidajenmu, yana cikin abin da yake dubawa. Daga gadonsa ana hango shi ta taga.

"Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi," ya ce. "Wannan tari yake, irin nawa."

Na je na duba. Shingen da ya kewaye tankin yana kulle da kwaɗo, ba kowa ciki, shuɗin fentin da aka shafa bara sai ƙyalli yake. Da na dawo na tarar Inna tana wanke masa hannu a kwano. Ruwan ya yi ja. Ƙarƙashin faratansa duk tsatsa ce, mutumin da tun farkon damina ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

"Kullum haka nake wankewa," ta ce a hankali, ba ta dube ni ba. "Kada ka faɗa wa kowa."

Shi kuwa idonsa na kan taga. "Tela, kira mini Injiniya. Ka ce ƙafar gabas, can ƙasa."

Injiniya ita ce ta gaje shi a aikin, a hannunsa ta koya. Da na kira ta, ta ce tana wata gada mai nisa, sai jibi.

Ranar da ta zo, tun hantsi ake bugun ba hutawa. Mai shago ya fito yana kallon sama, mata suka janye yara cikin gida. Injiniya ta fara shiga ɗakin Baba ta durƙusa gaban gadon.

"Baba, sannu da jiki."

Bai buɗe ido ba. Hannunsa na dama ne kawai ke motsi kan bargo, yana ɗagawa, yana sauka, daidai da ƙarar da ke zuwa ta taga. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ɗauki jakarta, na bi ta zuwa tankin.

Tana murɗa makullin shingen, bugun ya ɗauke.

Ta tsuguna gindin ƙafar gabas, ta manna wa ƙarfen na'urar auna kaurin fenti.

"Fentin ya kai yadda ake so," ta ce. Sai ta ƙura wa ƙarfen ido.

A zagaye da wurin akwai ƙananan tabban guduma, sababbi, gefensu ko ƙura bai yi ba. Ta danna tsakiyarsu da babban yatsa. Fentin ya lotsa, jan ruwa ya tsiyayo. Da ta ɓare shi, ƙarfen ya riƙa zubowa a tafinta kamar busasshen ganye.

"Wa ke da wani makullin?" na tambaya.

"Ba kowa. Nasa ma yana wurina."

Ta ciro waya, ta ce a rufe famfo, a zubar da ruwan tankin yanzu-yanzu, a kwashe mutanen gidajen da ke ƙasansa. Ba ta gama magana ba muka jiyo kukan Inna.

Har yamma tankin yana ta zuba, ruwan ya bi layinmu ya malale har ƙofar gidan. Masu gaisuwar rasuwar Baba suka riƙa tattare tufafi suna tsallakowa, suna jera takalma a bakin dakali. Ina zaune a barandar ina kallo, ruwan ya ɗaga wani silifa guda, ya juya shi a hankali, ya tafi da shi.