Gadar Hannun Ɓarna

Mu injiniyoyi muna da wata ɗabi'a da ban san tana da muni ba sai ranar nan: idan abin da muka gina ya karye a gwaji, tafi muke yi. Karyewar ce ke nuna mana inda rauni yake.

Ina koyarwa a jami'a, kuma ni ke jagorantar ɗalibanmu zuwa makarantun sakandare don kwaɗaita wa yara karatun injiniya. Muna raba musu siraran katako da gam su gina ƙaramar gada, mu rataya bokiti a tsakiyarta, mu dinga zuba yashi har ta karye.

A wata makaranta, malamar kimiyya ta ja ni gefe ta nuna min wata siririyar yarinya.

"Hannun Ɓarna ake ce mata. Rediyo, agogo, fanka, duk ta kwance na gidansu. Ga babanta can, direba ne. Ya gaji, ya ce zai cire ta daga ajin kimiyya. Da kyar na roƙe shi ya zo ya ga na yau tukuna."

Gadarta kuwa, wallahi sai da na kalle ta sau biyu. Sai dai da aka zo gwaji ta rungume ta.

"Anti, don Allah kar a karya. Baba na kallo."

Ni da kaina na lallashe ta. Aka zuba yashi, aka zuba, har bokiti ya kusa cika. Ƙas! Gada ta rabe. Ɗalibaina, marasa lura irina, suka ɓarke da tafi da ihu.

Uban ya miƙe, fuskarsa a murtuke.

"Kiran da aka yi min ke nan? A tara jama'a a yi wa 'yata dariya? Ke, taso mu tafi."

Kunya ta kama ni, tausayin mutumin ya fi ta. Na kwashi ɓaraguzan na bi su da gudu har bakin motarsa.

"Malam, ba dariya ba ce, murna ce. Babu gadar da ta ɗauki yashin da tata ta ɗauka."

"Amma ta karye."

"Duk sai sun karye. Aikinmu ke nan, mu karya a aji don kar ta karye da mutane a kai."

Yarinyar na kuka, amma idonta na kan guntayen da ke hannuna. Ta zari ɗaya ta juya shi.

"Nan ne," ta ce tana jan hanci. "Na san nan ne. Da na gitta wani katakon ta ƙasa..."

Uban ya tsaya yana kallonta, ya daɗe.

"Wato wannan ɓarnar har jami'a ake koyar da ita?"

"Kullum, Malam. Ni ma ita nake yi."

Ya buɗe mota, ya laluba ƙarƙashin kujera, ya fito da wata sukundireba mai jan mariƙi. Yarinyar ta daina kuka cak. Ashe tata ce, ya ƙwace tun ranar da ta kwance fankar ɗakinsa.

Ya miƙa mata, ya kau da kai.

"Koma aji. In kin dawo gida, fankar na nan yadda kika bar ta."