Juma'ar Orville Tibbs

"Riƙe masa kai da kyau, Curtis, kar ka yanka min miji," in ji Bernice.

Curtis, bakaniken da ke maƙwabtaka da su, yana jan reza a haɓar tsoho Orville. Tun da safe ya tura gadon asibiti ɗakin baya, ya ɓoye tukunyar iskar numfashi bayan firji. Matar banki tana hanya da takardu.

Bara ruwan bashin gidan ya yi tsalle, biyan wata ya koma cinye fanshon Orville kaf. Sabon bashi zai goge tsohon, ruwa kaɗan, biyan wata daidai ƙarfin Bernice. Amma ita kaɗai banki ko kallonta ba zai yi ba. Sai da fanshonsa, sai da sa hannunsa, kuma yana cikin hayyacinsa. Shi ya sa tun jiya ta hana shi maganin kashe zafi. Ciwon dajin kuwa ya riga ya shiga ƙashi.

"Kai yaro, haka kake gyara motocin mutane?" Orville ya faɗa, haƙora a cije. "Shi ya sa titinmu ya cika da masu tafiya a ƙasa."

"Baba, yi shiru, kar in tafi da kunne."

Suka sa masa rigar zuwa coci, suka zaunar da shi a teburin kicin. Curtis ya tsaya a bayansa kamar mai jiran kofi, alhali cinyarsa ce ke tokare da bayan tsohon.

Matar bankin ta zo, 'yar siririya mai fara'a. Shafi bayan shafi take turowa.

"Kun gane dai biyan zai koma farko, shekara talatin?"

"Talatin? Bernice, kin ji? Banki ya fi likita son raina."

Matar ta yi dariya. Gumi ya jiƙe wuyan rigar Orville. Bernice ta juya tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Da ya gama sa hannu, matar ta ce, "Doka ta ba ku kwana uku ko za ku fasa. Sai Juma'a abin zai tabbata."

"In kafin nan wani abu ya sami mutum fa?" Curtis ya tambaya, yana kallon bango.

"Sai a sake daga farko. Allah ya kiyaye."

Motarta ba ta bar ƙofar gida ba Bernice ta rugo da kwalbar magani. Orville ya kau da kai.

"Rabi kawai zan sha. In na sha duka, tafiya zan yi."

Haka aka shiga jira. Curtis ya rufe gareji, ya tare a falonsu. Shi ke juya tsohon, shi ke canza zanin gado. In ciwon ya motsa, har bakin titi ana jin nishin Orville. Ya bar ci, ya bar tsokana. Magana ɗaya ta rage masa: "Yau wace rana?"

Da safiyar Alhamis yatsunsa suka yi sanyi, numfashi yana fita da kakari. Ya damƙe hannun Bernice, idonsa a waje.

"'Yar tsohuwa... yau ce?"

Curtis ya dube ta. Shekara arba'in da wani abu tana cikin gidan nan, ba ɗa, ba inda za ta. Ya so ya ce, kwana ɗaya ya rage, Baba, daure.

Bernice ta daɗe tana kallon mijinta.

"Juma'a ce, Orville. Yanzu suka bugo waya daga banki. Gida ya zama nawa."

"Kin rantse?"

"Yaushe na taɓa yi maka ƙarya, tsohon banza? Buɗe baki."

Ta ɗura masa maganin cikakke. A hankali kafaɗunsa suka sauka, damƙar ta saki.

Daga ƙarshen layi Curtis ya jiyo gurnanin motar kwasar shara, wadda kowa a titin ya san ranar Alhamis take zuwa. Ya tashi da sanɗa ya rufe taga, ya saki labule, ya tsaya ya jingina bayansa da ita har motar ta wuce. Bernice tana gyara wa Orville wuyan riga.